Furobayotik na rage kitsen hanta ga mai ciwon suga, ko dai talla ce kawai?

Ummu Salma:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman masu ilimin hanta da na magunguna su warware mini wata magana da ta yi yawa a bakin masu ciwon suga. Ana cewa shan furobayotik, wato ƙwayoyin halittar nan masu rai da ake zubawa a kafso ko a gari domin gyaran hanji, yana narkar da kitsen hanta.

Bari in kafa misali don kada amsa ta tafi a iska. Mutum ne ɗan shekara 52, yana da ciwon suga nau'i na 2, yana shan metformin miligiram 1000 safe da yamma. HbA1c ɗinsa (awon matsakaicin sugan jini na watannin baya) 7.8, nauyinsa kilo 90, ba ya shan giya. Hoton ciki ya nuna kitse a hantarsa. Gwajin jini ya ba da ALT 49 da AST 40 (sinadaran hanta da ke hawa a jini in ta ji rauni), fulatilet 210 (ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare). Shin furobayotik zai amfane shi? In zai sha, wane iri, nawa a rana, har tsawon wane lokaci? Akwai kuma wanda bai kamata ya kusance shi ba?

Likita Bashir:

Wa alaikumus salam Malama. Gajeriyar amsa ita ce: furobayotik kan ɗan sauke wasu lambobin gwajin jini, amma har yanzu ba a tabbatar yana cire kitsen ko yana warkar da tabon hanta ba. Ga dalili.

Tunanin da ya haifi maganar yana da tushe. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga hanta daga hanji yake zuwa, ta babbar jijiya guda, saboda haka duk abin da ya tsallake bangon hanji, hanta ce ke fara karɓarsa. Idan ƙwayoyin hanji suka rikice, bangon ya yi sako-sako, wani dafi da ke jikin wasu bakteriya, ana kiransa LPS, yakan tsiyaya cikin jini ya tayar da sojojin garkuwar jiki da ke zaune a hanta, sai kumburi ya biyo baya. Wasu bakteriyar ma barasa suke haɗawa a cikin hanji: a 2019 masu bincike a Sin sun nuna wani nau'in Klebsiella pneumoniae mai yin haka a jikin masu kitsen hanta da ba sa shan giya. Bakteriya masu amfani kuwa suna narka harzar abinci, wato ɓangaren abinci da cikin mutum ba ya iya narkarwa, su samar da sinadarai irin su butiret, wanda shi ne abincin ƙwayoyin bangon babban hanji. Don haka ba abin mamaki ba ne a yi fatan gyaran hanji ya sauƙaƙa wa hanta.

Amma fata daban, abin da gwaji ya nuna daban. Gwajin da ya fi kama da misalinki shi ne wanda aka yi a Kiyef ta ƙasar Yukren, aka buga a 2018. Mutum 58 ne, dukansu masu ciwon suga nau'i na 2 da kitsen hanta. An ba wasu haɗi mai ɗauke da nau'in bakteriya 14, wasu kuma makamancinsa da babu komai a ciki, na mako 8. AST da GGT (shi ma sinadarin hanta ne) sun sauka, alamomin kumburi a jini sun sauka, ma'aunin da ake kira FLI ma ya sauka. Sai dai FLI ba kallon hanta yake yi ba, lissafi ne da ake haɗawa daga nauyin jiki, faɗin ƙugu, maiƙon jini da GGT. Da aka auna taurin hantar kanta, ba a ga bambancin a zo a gani ba.

Ɗaya gwajin ya fi tsawo, ya kuma fi tsanani wajen awo. An yi shi a Sawthamton ta Ingila, sunansa INSYTE, an buga shi a 2020. Mutum 104, an ba rabinsu Bifidobacterium BB-12 haɗe da harzar FOS giram 4 sau biyu a rana, kimanin shekara guda, aka auna kitsen hanta kai tsaye da na'urar MRI. Ƙwayoyin hanjinsu sun canza, wannan an gani a gwajin bayan gida. Kitsen hanta bai ragu ba, alamomin tabo ba su motsa ba. Abin da ya tafi tare da raguwar kitse a wannan gwajin shi ne raguwar nauyin jiki. Shi ya sa jagororin da ƙungiyoyin likitocin hanta, ciwon suga da ƙiba na Turai suka fitar a 2024 ba su sanya irin waɗannan ƙarin abinci cikin maganin cutar ba.

Abin da ya fi damuna a misalinki ba furobayotik ba ne. Kada a bar jaki ana dukan taiki. Kitse shi kaɗai ba shi ke kai mutum ga mutuwar hanta ba, tabo ne, kuma masu ciwon suga sun fi kowa saurin yin tabon. Fiye da rabin masu nau'i na 2 suna da kitsen hanta, da yawansu kuma ALT ɗinsu lafiya lau yake nunawa alhali tabo na ci a ɓoye. Matakin farko shi ne lissafin FIB-4, mai ƙiyasta haɗarin tabo, kuma lambobin da kika kawo sun isa. A ninka shekaru da AST: 52 sau 40, ya ba da 2080. A nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ALT: ga 49, 7 ce. A ninka ta da fulatilet: 210 sau 7, ya ba da 1470. A raba 2080 da 1470, a sami 1.41. Ƙasa da 1.3 haɗarin tabo mai tsanani kaɗan ne, sama da 2.67 haɗarin babba ne, tsakaninsu kuwa sai an ƙara bincike. Wanda ya kai shekara 65 ana ɗaga masa iyakar ƙasa zuwa 2.0. Mutumin naki yana tsakiya, don haka abin da yake buƙata a wannan watan shi ne awon taurin hanta da na'urar FibroScan, tare da gwajin ciwon hanta nau'in B da C in ba a taɓa yi masa ba.

Malam Nura mai harhaɗa magunguna:

Na yarda da Likita. Amma mutane za su saya ko an hana, gara su san abin da suke saye.

Kalmar furobayotik kamar kalmar "magani" ce, ba ta faɗin komai sai an ambaci wanne. Ma'anar da hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da WHO, suka ba shi a 2001 ta ƙunshi sharuɗɗa uku: ya kasance da rai, a sha adadin da ya isa, a kuma nuna yana da amfani ga lafiya. Amfanin kuwa na kowane iri ne shi kaɗai, ba ya gado. A jikin kwalba a nemi suna mai gaɓa uku, misali Lactobacillus rhamnosus GG ko Bifidobacterium animalis lactis BB-12. Waɗannan haruffa da lambobin ƙarshe su ne ainihin shaidar iri. Kwalbar da ta tsaya a "Lactobacillus" kawai ba ta gaya maka abin da ke ciki ba, kuma ba za ka iya jingina ta da kowane gwaji ba.

Adadi ana rubuta shi da CFU, wato yawan ƙwayoyin da ke da rai har za su iya hayayyafa. Galibin kayan kasuwa suna tsakanin biliyan 1 zuwa biliyan 10 a rana, wasu sun zarce haka nesa. Yawa ba shi ne inganci ba. Abin dubawa shi ne ko adadin na ranar da aka haɗa ne ko na ranar ƙarewar wa'adi, domin ƙwayoyin suna mutuwa a hankali a kan kantar shago. In an ce a ajiye a sanyi, ana nufin firji mai maki 2 zuwa 8, kuma wanda ya sha zafi a hanya ko a shago ya riga ya yi asara ko da wa'adinsa bai cika ba. Kada a zuba garin a abin sha mai zafi. Kada a bar murfi a buɗe, danshi na kashe su. Mai shan maganin kashe bakteriya ya raba tsakaninsu da aƙalla awa 2. A Amurka da ƙasashe da dama ana sayar da su a matsayin ƙarin abinci, ba a tilasta wa kamfani ya tabbatar suna warkar da wata cuta kafin ya fito da su, kuma binciken kwalabe ya sha nuna abin da ke ciki bai yi daidai da rubutun jiki ba.

Wane iri ne na hanta? Babu wanda aka tabbatar. Gwaje-gwajen sun yi amfani da haɗe-haɗe mabambanta, yawanci Lactobacillus da Bifidobacterium, na mako 8 zuwa wata 6, wasu shekara. Duk wanda ya ce miki ga takamaiman iri da adadi na kitsen hanta, ya wuce inda ilimi ya tsaya.

Matsalar da aka fi gani ita ce kumburin ciki, iska da sakin bayan gida a mako na farko ko na biyu, musamman in an haɗa da harza irin su inulin ko FOS. A nan masu ciwon suga ke ruɗewa, domin metformin ma haka yake yi, maganin suga akarbos ya fi shi, allurai irin su semaglutide kuma suna kawo tashin zuciya. Kada a fara furobayotik a makon da aka ƙara ɗaya daga cikinsu. A bar mako 3 zuwa 4 a tsakani, in ba haka ba ciki zai ɓaci a rasa mai laifi, wani ma ya ajiye metformin ɗinsa, wanda shi ne babbar asara.

Waɗanda ba za su sha ba sai da izinin likitansu: wanda aka yi wa dashen gaɓa, mai shan maganin ciwon daji ko wani mai danne garkuwar jiki, mai bututun da aka dasa a babbar jijiya, mai bawul ɗin zuciya na roba ko ƙarfe, wanda ke kwance rai a hannun Allah, da wanda hantarsa ta riga ta ƙanƙance har ciki ya tara ruwa. A irin waɗannan, ƙwayar da aka sha don amfani tana iya shiga jini ta zama cuta. An ga haka da wani yisti mai suna Saccharomyces boulardii a masu bututun jijiya. A Holan kuma, a gwajin PROPATRIA da aka buga a 2008 kan mutum kusan 300 masu matsanancin kumburin fankiriyas (gaɓar da ke samar da insulin), kashi 16 cikin 100 na waɗanda aka ba furobayotik sun rasu, a ɗaya ɓangaren kashi 6.

Wani abu kuma: a guji kwalaben "wankin hanta" da ake cakuɗa furobayotik da tataccen koren shayi ko tataccen kurkum. An sami raunin hanta daga waɗannan biyun in an sha su a tattare da yawa.

Ummu Salma:

Allah ya saka da alheri. To in mutum ya ce shi yogot zai riƙa sha maimakon kafso fa? Kuma Likita, in ya dage sai ya gwada, ta yaya za a gane yana aiki ko ba ya yi?

Hajiya Rabi masaniyar abinci:

'Yar'uwa, maganar yogot ta fi buƙatar kula ga mai ciwon suga fiye da kafso. Yogot tsura wanda ba a sa wa suga ba, mai rubutun cewa akwai ƙwayoyi masu rai a ciki, abinci ne mai kyau, kofi ɗaya a rana ba laifi, a lissafa shi cikin abincin ranar. Matsalar ita ce masu zaƙi da 'yan ƙananan kwalaben sha na furobayotik. A duba bayan kwalba: kowane giram 4 na suga ƙaramin cokali ɗaya ne. Mai giram 20 cokali biyar ke nan. Rabin sugan da ake zubawa furuktos ne, shi kuma hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, in ya yi yawa ta mayar da shi kitse. Ka ga mutum ya sha abu don hanta, ya ƙara mata kaya. Yogot ɗin da aka dafa bayan ya yi tsami don ya daɗe a kan kantar shago kuwa, ƙwayoyinsa sun mutu.

Ina ɗan saɓa wa Likita a wuri ɗaya. Ban ɗauki maganar hanji a matsayin wadda aka rufe ba. Gwaje-gwajen ƙanana ne, gajeru, kowa da irin da ya yi amfani da shi, kuma akwai sababbin ƙwayoyi da ake bincike. A Beljiyam, a 2019, an ba masu ƙiba Akkermansia muciniphila na wata 3, mutum 32 suka kammala, aka ga jikinsu ya ƙara jin insulin. Wannan somin taɓi ne, bai kai a gina magani a kansa ba, amma yana nuna hanyar ba ta toshe ba. Sai dai ni a ganina hanya mafi tabbas ta canza ƙwayoyin hanji ita ce ciyar da waɗanda ke ciki, domin na kafso galibi baƙi ne masu wucewa, da an daina sha sai su ɓace cikin 'yan kwanaki ko makonni. Abincinsu harza ce: giram 25 zuwa 30 a rana daga wake da danginsa, ganyaye, hatsin da ba a cire wa dusa ba, da 'ya'yan itace a ci su ɗungurungum maimakon a matse ruwansu. A ƙara a hankali, kamar giram 5 duk mako, da ruwa isasshe, in ba haka ba iska za ta sa mutum ya gudu.

Abin da aka tabbatar da shi ta hanyar tsakuro naman hanta a duba shi ne rage nauyi. A Kuba an bi mutum 293 na tsawon mako 52, aka buga a 2015. Cikin waɗanda suka rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsu ko fiye, kumburin hanta ya warke ga kashi 90, tabo ya ja baya ga kashi 45. Ga mai kilo 90: kilo 4 da rabi zai fara rage kitse, kilo 6 zuwa 7 ya taɓa kumburi, kilo 9 ne ake sa ran ya taɓa tabo. A rage kimanin kalori 500 a rana, a sauka da rabin kilo a mako. Gaggawa ba ta da amfani, wanda ke zubar da fiye da kilo 1 da rabi a mako yana jawo wa kansa tsakuwar matsarmama. A haɗa da tafiya mai sauri minti 150 a mako da motsa tsoka kwana 2, domin motsa jiki na rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba.

Gargaɗi ga mai shan magungunan suga gilibenkilamaid, gilikilazaid ko mai allurar insulin: in an rage abinci ba a rage magani ba, suga zai faɗi. A yawaita awo a makonnin farko, in na'urar awon suga ta nuna ƙasa da 70, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, a sha giram 15 na suga nan take, a sake awo bayan minti 15, a kuma sanar da likita ya daidaita maganin. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake kawo wannan ba.

Likita Bashir:

Hajiya, ba mu yi nisa da juna ba, ni ma ban ce an rufe ƙofa ba. Zan ƙara abu ɗaya da ke sa in yi taka-tsantsan da sakamakon masu ciwon suga musamman: metformin kansa yana canza ƙwayoyin hanji, har yana ƙara Akkermansia ɗin da kika ambata. Saboda haka abin da aka gani a wanda ba ya shan sa ba lallai ya maimaitu a mai shan sa ba.

Malama, in ya dage, ga yadda za a yi shi da tsari. A fara da FibroScan, a je da azumin aƙalla awa 3 domin abinci na ɗaga lambar. Ana auna taurin da kilofaskal: ƙasa da 8 hankali ya ɗan kwanta, daga 8 zuwa sama a haɗa shi da likitan hanta, 12 ko fiye kuwa ana zargin tabo mai nisa. A rubuta ALT, AST, GGT, HbA1c, nauyi da faɗin ƙugu kafin kafso na farko. A zaɓi abu ɗaya mai cikakken suna, a sha kullum yadda aka rubuta na wata 3, kada a taɓa sauran magunguna. Sai a maimaita gwaje-gwajen a ɗakin gwaji ɗaya. In babu abin da ya motsa, a daina. In ALT ya sauka daga 49 zuwa 42, kada a yi murna tukuna, domin ALT na hawa da sauka da kansa daga mako zuwa mako, kuma in nauyi ya ragu a lokacin, nauyin ne ya fi cancantar yabo. Hoton ciki na yau da kullum ba ya iya auna ƙaramin canji, kada a dogara da shi. In aka ga zazzaɓi, idanu sun yi rawaya, ciki ko ƙafafu sun kumbura, ko bayan gida ya yi baƙi, a ajiye a tafi asibiti ranar.

In awo ya nuna tabo, akwai abin da ya fi furobayotik hujja nesa ba kusa ba, kuma HbA1c na 7.8 ya riga ya ba da dalilin ƙara magani. Metformin na da kyau ga suga amma ba ya gyara kumburin hanta. Maganin suga piyogilitazon ya nuna gyara a naman hantar masu ciwon suga a gwajin da aka buga a 2016, miligiram 45 na wata 18, sai dai yana ƙara nauyi, yana tara ruwa, yana raunana ƙashi, ba a ba mai gazawar zuciya. Semaglutide miligiram 2.4 a mako ya warkar da kumburin hanta ga kusan kashi 63 cikin 100 a gwajin ESSENCE, a ɓangaren allurar da babu magani kashi 34, kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi don wannan cuta a Agustan 2025. Kafin shi, a Maris 2024, ta amince da wani magani mai suna resmetirom ga masu tabo mataki na 2 da na 3. Maganin rage kolestarol na sitatin kuma kada a daina shi don tsoron hanta, ciwon zuciya ne ya fi kashe masu wannan cuta.

In FibroScan ya fito ƙasa da 8, a maimaita FIB-4 duk shekara 1 zuwa 2, a riƙa sa ido kan fulatilet. Idan tabo ya yi nisa, kitsen kan ragu, ALT ma ya sauko kamar an warke, alhali fulatilet na zamewa ƙasa a hankali. In ya sauka ƙasa da 150, a sake awon taurin hanta ba tare da jiran shekara ta zagayo ba.